Malamin Manya: Sharuɗɗan Aikinsa da Matsayinsa na Abin Koyi

1. Gabatarwa

Malamin da ya ke koyar da yara yana da mataimaka da yawa waɗanda ba ya ko lura da su. Uba ne ya ke tura yaro makaranta, hedimasta yana tsaye a bakin ƙofa, doka kuma tana bayansu duka. Ko malami ya kyauta ko bai kyauta ba, gobe da safe zai tarad da ajinsa cike. Malamin manya kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Magidancin da ya baro gona ko rumfar kasuwa ya zo ya zauna a kan tabarma don koyon karatu, da ƙafarsa ya zo, kuma ran da ransa ya ɓaci da ƙafarsa zai koma, ba wanda zai bi shi gida ya komo da shi.

Saboda haka halin malami a ajin manya shi ne ginshiƙin ajin. In an yi sakaci da shi, asarar ba ta tsaya kan kujerar da aka bari ba kowa. Mutumin da ya daina zuwa aji don an wulakanta shi da wuya ya sake gwadawa, sau da yawa ma yakan hana matarsa da ƙannensa, ya kuma yi sanyin jiki wajen sa 'ya'yansa a makaranta. Wannan maƙala za ta duba abin da tarihin ƙasar Hausa ya nuna game da wannan aiki, da sharuɗɗan da su ke kan mai yin sa, da kuma abin da ya kamaci kwalejojin horon malamai.

2. Abin da tarihi ya nuna

Koyar da manya tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Makarantun ilmi na zaure, inda a ke karanta littattafan fiƙihu da hadisi da lugga bayan an sauke Alƙur'ani, galibin almajiransu magidanta ne, waɗansu ma sun girmi malamin da su ke ɗaukar karatu wurinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, ya bayyana yadda mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ke fuskantar taron jama'a: yakan fito da sakin fuska, ya yi musu sallama, ya yi haƙuri da masu katse shi da tambaya, ko da a cikinsu akwai marasa ladabi. Abin lura a nan shi ne, marubucin ya ga halin malami a gaban taro ya cancanci a rubuta shi kamar yadda a ke rubuta abin da ya koyar.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta shirya wani tsari don matan ƙauye wanda aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi mace dattijuwa amintacciya daga cikin mutanen gari, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani don alamar muƙami. Jaji ita ce mai jagorancin mata zuwa wurin Nana, ita ce kuma mai komawa da karatun ta koya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Ba don yawan ilmi kaɗai a ke zaɓen jaji ba. Mace ce wadda mazan gari za su yarda matansu da 'ya'yansu su bi ta, watau amincinta shi ne ya buɗe wa karatun hanya.

A zamanin Turawa, gwamnatin Ingila ta fara maganar ilmantar da talakawan Afirka baki ɗaya tun cikin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1946 aka naɗa A. J. Carpenter don lura da wannan aiki a Nijeriya. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo shawararsa mai tarihi a majalisar Kaduna, inda ya nemi a gyara mulkin En'e, a kuma wayar da kan talakawa. Cikin farkon shekarun 1950 aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya yi suna wajen jagorancinsa. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki a Zariya daga 1954 zuwa 1959, ta buga littattafai masu sauƙi da ƙananan jaridu na larduna, kamar Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, don sababbin masu karatu su sami abin karantawa bayan sun karɓi takardar shaida.

Yawancin waɗanda suka riƙe azuzuwan Yaƙi da Jahilci ba horarrun malamai ba ne. Mutane ne da suka iya karatu da rubutu, aka yi musu ɗan gajeren horo, a ke ba su ɗan alawus. Littafi iri ɗaya ne aka rarraba ko'ina, amma wani aji ya ɗore, wani ya watse tun ba a kai rabi ba, kuma mai neman dalili dole ya fara dubawa daga wurin malamin. Aikin bai ƙare da wancan zamani ba. Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilmin Manya a 1980 zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa tata hukumar ta ƙasa a 1990. Dukansu, kamar magabatansu, aikinsu yana tsayawa ne ko ya faɗi a hannun mutum ɗaya mai riƙe da alli.

3. Bambancin babba da yaro

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi, amma ba su ce mai gemu yaro ne ba. Malcolm Knowles, wani masani ɗan Amurka, a littafin da ya wallafa a 1970 ya kawo abubuwa 4 da suka raba babba da yaro wajen koyo. Na farko, babba ya saba da ikon kansa, ba ya son a juya shi. Na biyu, yana zuwa da tarin abin da ya gani a duniya. Na uku, abin da ya ke shirye ya koya yana da alaƙa da matsayinsa, watau na uba, ko manomi, ko ɗan kasuwa. Na huɗu, yana son ya yi amfani da abin da ya koya yanzu yanzu, ba sai bayan shekara 10 ba.

Wanda ya san ƙauyen Hausa ba zai yi musun ko ɗaya ba. Manomin zamanin Yaƙi da Jahilci ya so ya karanta rasiɗin haraji, ya kuma gane lambar da ke kan sikeli ran sayar da gyaɗa ko auduga. Na yau yana son ya karanta saƙon da ya shigo wayarsa, ya cika takardar banki, ya gane rubutun da ke jikin buhun taki ko kwalbar magani. Malamin da ya shafe mako 3 yana sa dattawa rera baƙaƙe kamar 'yan aji ɗaya, bai kawo su ga rubuta sunansu ba, ya riga ya fara korarsu. A 1963 Paulo Freire ya koyar da ma'aikata kimanin 300 karatu a garin Angicos na ƙasar Brazil cikin kwana 45, kuma asirin aikin shi ne an fara tattara kalmomin da mutanen da kansu su ke faɗi a wurin sana'arsu, sa'an nan aka gina darasi a kansu.

Akwai kuma bambancin jiki. Daga wajen shekara 40 idon yawancin mutane yakan fara kasa ganin ƙananan baƙaƙe a kusa, hannun da ya saba da fartanya kuma ba ya juya fensir da sauƙi. Malamin da bai san wannan ba sai ya ɗauka dattijo daƙiƙi ne, alhali manyan baƙaƙe da isasshen haske kawai ya ke bukata.

Wani abu kuma da ya keɓanta ga ƙasar Hausa: da yawa daga cikin masu zuwa koyon boko sun riga sun yi karatun allo, waɗansu suna rubuta wasiƙa da ajami, waɗansu ma alarammomi ne. Kiran irin wannan mutum jahili kuskure ne a wajen ilmi, cin fuska ne kuma a wajen zaman jama'a. Malami mai basira yakan tambayi abin da suka sani, ya nuna musu cewa baƙi da wasali da suka saba da su a allo su ne dai a boko, sai dai an sake musu kama, an kuma juya hannun rubutu.

4. Sharuɗɗan aiki

Sharaɗi na farko shi ne tsare lokaci. Awa ɗaya da tela ya ba aji, kuɗi ne ya bari a kan keken ɗinkinsa. In malami ya yi latti sau 2 ko 3, tela zai lissafa asararsa ya koma shago, kuma yana da gaskiya. Tsare lokaci ya haɗa da zaɓensa tun farko da shawarar masu koyo, a kauce wa ranar kasuwa da lokacin salla, a kuma san cewa ajin da aka buɗe a tsakiyar damina ko lokacin kaka ba zai sami manoma ba.

Na biyu, shirya darasi. Waɗansu sun ɗauka wanda ya iya karatu ya iya koyar da shi, su shiga aji hannu rabbana. Babba yana gane malamin da bai shirya ba tun kafin ya gama rubutu a allo, domin shi ma mai sana'a ne, ya san bambancin gwani da mai kame-kame. Haka kuma in an yi tambayar da malami bai san amsarta ba, faɗin gaskiya da alkawarin bincikowa ya fi ƙaga amsa, muddin dai an cika alkawarin.

Na uku, gaskiya a rajista. Wannan ita ce babbar jarrabawa, domin sau da yawa alawus ɗin malami da ɗorewar ajinsa sun rataya ne kan yawan sunayen da ke cikin littafi. Sai zuciya ta raya masa ya bar sunan wanda ya daina zuwa, ko ya taimaka wa wani da amsa ran jarrabawa. Ɓarnar wannan iri 2 ce. Hukuma za ta yi shirin shekara mai zuwa bisa lissafin ƙarya, mutum kuma zai riƙe takardar shaidar da ba zai iya karanta abin da ke cikinta ba. Ban da haka, masu koyo suna ganin abin da a ke yi, sai su ɗauka cewa rubutu kayan ha'inci ne, alhali sun zo ne don rubutu ya tsare su daga ha'inci.

Na huɗu, tsarkin hannu. Kyautar da almajiri ya ke kai wa malaminsa tsohuwar al'ada ce, ba kuwa abin zargi ba ce a makarantar zaure. Amma malamin da hukuma ta ke biya, wanda kuma sa hannunsa ya ke jawo takardar shaida, matsayinsa dabam ne. Kada ya nemi rance wurin mai koyo, kada ya sayar da littafin da aka bayar kyauta, kada ya sa su yi masa gayya a gonarsa. Wanda ya ci bashin ɗalibinsa ba zai iya ce masa bai ci jarrabawa ba.

Na biyar, riƙon amana. Mutanen da ba su iya karatu ba sukan kawo wa malami wasiƙunsu, da takardun asibiti, da na kotu, da na gado. Abin da ya gani a ciki ba nasa ba ne, bai halatta ya zama abin hira a dandali ba. Haka kuma kasawar mutum a aji asirinsa ne.

Na shida, kada aji ya zama dandalin siyasa. Malami yana da 'yancin ra'ayinsa kamar kowa, koya wa mutane yadda a ke jefa ƙuri'a kuma aiki ne mai kyau. Amma ran da ya nuna musu wanda za su zaɓa, ajin ya zama na jam'iyya ɗaya, sauran jama'a kuwa za su janye.

5. Tsare mutunci

Abin da babba ya fi tsoro a aji shi ne kunya. Mai unguwa wanda a ke kawo wa ƙara, ko liman, ko uban 'ya'ya 10, ya san in ya kasa karanta kalma a gaban jama'a labarin zai riga shi isa gida. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa wajibai 8 a kan malami a cikin Ihya'u Ulumiddin, daga cikinsu akwai yin gyara ta hanyar ishara maimakon tsawa a fili, da yi wa mai koyo magana gwargwadon fahimtarsa. Wannan ya fi ƙarfi a ajin manya, inda sau da yawa malamin ɗan cikin masu koyo ne a shekaru.

Saboda haka allo da alli ba su soke ladabin gari ba. Wanda a ke ce wa Baba a waje, Baba ne a cikin aji. Haka Alhaji, da Malam, da Inna, da Hajiya. In dattijo ya yi kuskure, malami ya matsa kusa ya rage murya ya ce, "Baba, a ƙara duban wannan baƙi, kamar ƙugiyarsa ta ɓuya." In kuskuren na mutane da yawa ne, sai a gyara shi a allo ba tare da ambaton sunan kowa ba. Dariya kuwa, in ta taso daga sauran masu koyo, malami ne zai kashe ta da fuskarsa, kuma ba zai iya ba in an taɓa ganinsa yana yi.

Dole kuma ya san dangantakar mutanen da ke gabansa. Suruki da surukinsa ba za su saki jiki a aji ɗaya ba, uba kuma ba ya son ɗansa ya ga kasawarsa. Mace da yawa ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, don haka malamin da ya ce kowace ta tashi ta karanta sunan maigidanta da ƙarfi ya jefa ta cikin wahala ba dalili, ga shi kuwa akwai sunaye da yawa da za a yi misali da su. A ajin mata an fi son malama mace. Inda ba a samu ba, namijin da aka sa ya koyar a wuri buɗaɗɗe, da sanin mazajensu, kada ya keɓe da kowa, domin zargi ɗaya ya isa ya rufe ajin, ya kuma hana a buɗe wani a garin shekara da shekaru.

6. Malami abin koyi

Wajibi na ƙarshe a lissafin Gazali shi ne malami ya yi aiki da ilminsa, kada aikinsa ya ƙaryata maganarsa. Yaro yana ganin malaminsa a makaranta kawai, amma babba yana haɗuwa da nasa a masallaci, da kasuwa, da wurin suna da jana'iza. Ya san ko yana biyan bashi, ya san yadda ya ke riƙe da iyalinsa. Darasin tsabta ba ya shiga daga bakin wanda ƙofar gidansa juji ce, haka nasihar sa 'ya'ya mata a makaranta ba ta da nauyi daga wanda tasa 'yar tana yawon talla a lokacin aji. Gani ya kori ji.

Akwai wani fanni na koyi wanda ya fi wannan zurfi. Mutanen karkara da yawa sun daɗe suna zargin cewa boko yana sa girman kai da raina iyaye. Malamin manya shi ne amsar wannan zargi, ko ya tabbatar da shi ko ya rushe shi. In masu koyo suka ga mai ilmin boko yana durƙusa wa na gaba da shi, yana kuma tambayar manomi abin da bai sani ba game da iri da ƙasa, sun sami hujjar da ba a rubuta a littafi ba. Ya kamata kuma a riƙa ganinsa yana karatu don kansa, jarida ko littafi, domin wanda ya iya karatu ya bar yi yakan manta, kuma masu koyo ba za su riƙe al'adar da ba su gani wurin malaminsu ba.

Amma fa zama abin koyi ba ya nufin malami ya mai da kansa alƙalin gari. Waɗanda ke gabansa sun san duniya, sun yi aure, sun yi jana'izar iyaye, ba tarbiyya suka zo nema ba. Halinsa ne zai yi magana, ba yawan wa'azi ba.

7. Abin da ya kamaci kwalejojin horon malamai

Hali ba ya shiga mutum ta hanyar lacca kaɗai, amma akwai abin da kwaleji za ta iya yi. Da farko, kowane ɗalibi ya je ya zauna a ajin manya na gaske, ya kuma koyar a cikinsa ƙarƙashin idon gwani, kamar yadda a ke tura shi firamare gwajin koyarwa. Mai duba shi ya lura da yadda ya ke kiran mutane, da yadda ya ke gyara kuskure, da yadda ya ke riƙe rajista, ya kuma ba waɗannan maki kamar yadda ya ke ba tsarin darasi.

Na biyu, a riƙa kawo wa ɗalibai matsaloli irin waɗanda za su tarar, su yi muhawara a kansu: mai gari ya nemi a ba ɗan'uwansa takardar shaida bai ci jarrabawa ba, mai koyo ya kawo kaza ana gobe jarrabawa, aji ya ragu daga mutum 25 zuwa 8, ga mai duba makarantu yana tafe. Wanda ya taɓa tunanin amsa tun yana kwaleji ya fi wanda abin ya zo masa ba shiri.

Na uku, wajen auna aikin malami a dubi mutum nawa suka kai ƙarshe suna iya karatu, kada a tsaya ga yawan waɗanda aka rubuta ran farko. Hukumomi kuma su san nasu nauyin: malamin da aka hana wa alawus wata da watanni an tura shi ga abin da a ke hana shi, kuma ba adalci ba ne a nemi tsarkin hannu wurin wanda ba a biya shi haƙƙinsa ba.

Daga ƙarshe, ɗaliban kwaleji su ma manya ne. Yadda malaminsu ya ke zuwa aji, da yadda ya ke duba takardunsu, da yadda ya ke amsa tambayar wanda bai gane ba, shi ne darasin da za su ɗauka su tafi da shi ƙauye. Malamin kwalejin da ya ke wulakanta ɗalibi a gaban 'yan'uwansa ya riga ya koya masa yadda zai yi wa dattijon da zai zauna a gabansa gobe.